Ruwan da Auta Ya Hango a Lambuna

Ƙanena ya san ruwa zai kashe mini lambun lemo tun kafin in dasa ko ɗaya, ya yi shiru. Laifin da ya yi mini ke nan, na kuma sa shi a farko don ni ban iya zagaye-zagaye ba. Bai zage ni ba, bai ci mini gona ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da ma ɗaya daga cikin waɗannan ya yi, da na san yadda zan yi da shi.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ni ne babba, shi ne auta, a tsakaninmu mata ne, duk suna gidajen mazajensu. Ina aji biyu a sakandare Baba ya rasu, aka je aka ɗauko ni da akwatina, daga nan ban koma ba. Abin da na fito da shi daga boko shi ne ina karanta Hausa ba gargada, Turanci kuma idan an yi shi a hankali ina tsintar na tsinta. Ba zan ce abin bai dame ni ba. Har yau idan na wuce ta gaban makaranta na ji ana buga ƙararrawa, sai in tsaya ina saurare. Amma an bar mini Inna da yara da gona, dole na haɗiye.

Auta kuwa tun yana ƙarami kansa ya fi jikinsa. Tambaya kamar alƙali. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, ina ruwan rijiya yake tafiya da rani, wa ya gaya wa tururuwa hanyar rumbu. Ni nake kai shi firamare a keken Baba, ya riƙe mini riga ta baya yana ta zuba. Na ce masa idan ya kuskura ya dawo gida da akwati irin yadda na dawo, sai na karya masa ƙafa. Ya ɗauka da gaske nake. Ya yi ta wucewa har jami'a, ya zama injiniyan ƙasa da ruwa. Duk da haka har yanzu idan ya zo gida, a ƙofar zaure yake cire takalminsa, ya durƙusa ya gaishe ni, ba ya zama a tabarmar da nake sai na ce zauna. Bai taɓa kiran sunana ba. Mutane suna yaba masa, ni ma na yaba. Ban san a cikin ladabin nan za a cuce ni ba.

Arewa da garinmu akwai madatsar ruwa. Ba irin babbar ta Watari ba ce, ƙarama ce, ƙasa aka tara aka daddanne aka tare rafi, tun muna yara. A bayanta, wato ɓangaren da ba ruwa, ƙasa ta gangaro ta yi kwari, a nan lambun gadonmu yake. A yankinmu ba fili a zaune. Gonar wannan tana jingine da ta wancan, iyaka layin gamba ne kawai. Abin da mutum ya gada shi ne nasa, ba inda zai matsa. Baba albasa da tattasai yake yi a wurin. Ni kuma na daɗe da buri ɗaya, in dasa lemun zaƙi mai aure, in bar wa 'ya'yana abin da ba sai an sake shuka shi kowace shekara ba.

A shekarar da na shirya dasawa aka ce za a ƙara wa madatsar tsayi don ta riƙe ruwa har ƙarshen rani. Auta yana karatun gaba da digiri a lokacin, sai ya zaɓi abin a matsayin bincikensa. Yana so ya gano inda ruwa zai bi ta ƙarƙashin ƙasa idan tafkin ya ƙaru. Ya zo gida ya yi makonni. Ni na haƙa masa ramukan, don hannunsa ba ya jure wa diga, rana ɗaya ya gwada ya yi bororo. Ya riƙa ɗibar ƙasa a leda, ta sama daban, ta tsakiya daban, ta can ƙasa daban. Wani lokaci ya kafa bututu a rami ya cika shi da ruwa, ya zauna yana kallon yadda yake sauka. Na ce masa wannan aikin ko mahaukaci ya gan ka zai tausaya maka. A ramin da muka haƙa a lambuna, bayan mun wuce laka sai muka tarar da yashi mai laushi. Ya daɗe yana murza yashin nan a tafin hannunsa.

Da hantsi yakan zauna a zaurena da kwamfutarsa, bayan an yi mata caji a shagon masu sola. Wata rana na leƙa ta kafaɗarsa, na ga layuka sun sarƙe, ƙananan yanka masu kusurwa uku sun cika fuskar.

Na ce, "Wannan kuma ragar kamun kifi ce?"

Ya ce, "Madatsar ce, Yaya, da ƙasar da ke bayanta." Ya juya hoton, na gan shi ta sama kamar yadda shaho zai gani, ya sake juya shi ta gefe kamar an tsaga kabewa ana kallon cikinta. "Ba wanda zai iya lissafa tafiyar ruwa a cikin ƙasar nan gaba ɗaya. Ta yi yawa, kuma ba iri ɗaya ba ce. Shi ya sa ake yanyanka ta. Ka ɗauka kowane yanki gida ne. Ni zan gaya masa irin ƙasarsa, yashi ne ko laka. Shi kuma ba wanda ya sani sai maƙwabtan da suka haɗa danga. Zai ce, ruwa kaza ya shigo mini daga wajen wane, kaza zan miƙa wa na gaba. Na gaban ya ce, a'a, abin da ya iso wajena bai kai haka ba. Sai a sake lissafi. Haka na'urar za ta yi ta zagawa gida-gida har maganar kowa ta zo daidai da ta maƙwabcinsa."

Na ce, "To ai sulhun mai unguwa ke nan."

Ya yi dariya har ya dafe ciki. Ya ce masu haƙar man fetur ma da irin wannan suke gane inda mai yake kwance a cikin dutse da yadda zai gudana, masu gina gada kuma su gane inda za ta fi jin nauyi.

"In wani gidan ya ɓoye wa maƙwabcinsa gaskiya fa?"

"Ba ya iyawa, Yaya. In ya ɓoye ko kaɗan, lissafin ba zai tsaya ba."

Na ji daɗin maganar. A raina na ce, ashe barin makarantata bai tafi a banza ba.

Ina cikin kallo sai na lura da wani abu. A wasu wuraren gidajen manya-manya ne, amma akwai wani wuri a bayan madatsar da suka yi ƙanana sosai, sun cunkushe kamar ƙwan kifi. Na bi hanyar shanu da yatsa, na wuce kukar makabarta, na gane wurin. Lambuna ne.

"Kai, me ya sa nawa ya fi na kowa yawan gidaje?"

Ya ce, "Inda ake so a duba da kyau, shi ake yanka wa ƙanana."

Bai yi ƙarya ba. Daga baya na san cewa a aikinsu inda ake tsoron matsala shi ake yanka wa ƙanana, don a ga abin da zai faru dalla-dalla. Amma ni a ranar ɗauka na yi karramawa ce. Ɗan'uwa ya ba gonar yayansa kulawar da bai ba ta kowa ba. Da la'asar na je teburin mai shayi na baza labari. Na ce a cikin na'urar auta gonar mai gari gida huɗu ce ko biyar, tawa kuwa gari guda. Aka yi ta tsokanata ana ce mini dagacin cikin kwamfuta. Na karɓi sarautar, har na saya wa wasu shayi.

Lissafin bai zo da sauƙi ba. Kwanaki na'urar tana zafi tana huci, in na tambaye shi ya ce gidajen sun ƙi jituwa. Ya gyara nan, ya sake ɗibo ƙasa can. Matata ta riƙa aiko masa da kunun tsamiya tana cewa a ba injiniya kada kansa ya fashe. Ran nan bayan azahar na shigo na tarar na'urar ta yi shiru. Hoton ya yi launi-launi, na hango wani shuɗin harshe ya fito daga ƙarƙashin madatsar ya miƙe. Kafin in matso ya rufe ta.

"Sun jitu?"

"Sun jitu, Yaya."

"Madatsar za ta tsaya?"

"Za ta tsaya, in sha Allahu."

Nan ma bai yi ƙarya ba, tana nan tsaye har gobe. Aka kawo tuwo ya ce kansa yana ciwo. Washegari na kai shi tasha a babur, muna tafe ya ce ta bayana, a hankali, "Yaya, da shinkafa ka gwada a kwarin nan."

Na ce, "Shinkafa? Na yi shekaru ina jiran lemo ka ce mini shinkafa? Ka tsaya a kan ragarka, ka bar mini noma."

Ya ce, "Haka ne, Yaya." Shi ke nan.

Na je wajen masu renon itatuwa ta hanyar Bici na ɗauko dashe, masu aure, ganyensu yana sheƙi. Ranar da nake dasawa sai ga Kawu, ƙanen Inna, ya gangaro da sandarsa. Dattijo ne da ba ya zuwa lambu haka kawai. Ya tsaya a kaina, ya dubi ramukan da na jera, ya dubi 'ya'yana suna ɗibar ruwa suna murna. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce, "Har ka soma?" Na ce na soma. Ya ce, "To, Allah ya sa albarka." Ya juya ya tafi.

Aka ƙara wa madatsar tsayi. Garin ya ji daɗi, gaskiya ce, masu noman rani suka samu ruwa har bazara. Lemona kuma ya tashi. Wanda bai reni itace ba ba zai gane ba. Na san kowace bishiya da halinta, akwai mai saurin girma, akwai wata 'yar karkatacciya da na ɗaure da sanda har ta miƙe. Na kare su daga awaki da ƙaya, na kare su daga gara da toka. Ranar da suka fara fure na kira matata ta zo ta ji ƙamshi, ta ce ko ranar aurenmu ba ta ga haƙorana haka ba. 'Ya'yan fari da suka nuna, kwando na cika na aika wa auta birni. Matarsa ta gaya wa matata cewa ya zauna ya daɗe yana kallon kwandon, bai ɓare ko ɗaya ba. Na ce daɗi ne ya yi masa yawa.

Daga nan ƙasa ta soma canzawa. Tsakiyar rani, ba hadari ba komai, in ka taka ƙasan lambun sai sawunka ya yi danshi. Kwaɗi suka tare. Wani farin abu kamar kanwa ya riƙa fitowa a bakin kwatami. Ganyen layin ƙasa ya yi rawaya ya zube, gindin ya riƙa tsiyayar da ƙaro. Na tone ɗaya na tarar saiwar ta ruɓe, baƙa, tana wari. Ba abin da ban yi ba. Na ja lambatu, na sayo magani, na zuba toka, na sa aka yi addu'a. Ruwan ba daga sama yake zuwa ba balle in tare shi, daga ƙasa yake tsattsafowa. Layi-layi suka riƙa mutuwa, daga kwari ana hawowa. 'Yar karkatacciyar nan ita ce ta fi daɗewa a layinta. Da hannuna na sare ta.

Duk wannan lokacin auta yana zuwa gida da Sallah. Ya durƙusa, ya ce, "Yaya, ya lambu?" In ce da sauƙi. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya kawo mafita. Ya taɓa kawo mini injin ban ruwa sabo, ni da ruwa ya yi wa yawa. Na karɓa na yi godiya.

Abin da ya rage mini shi ne layukan sama, wajen tudu, suna nan kore. Kullum ina zagaya su ina taka ƙasa in ji ko ta soma laushi. Ban san ko ruwan zai tsaya a inda ya kai ba, ko zai hawo ya cinye sauran. Ban san ko in sake dashe ba, ko in haƙura. Shekaruna sun wuce na gwaji, lemo kuma ba a shekara ɗaya yake haihuwa ba.

A wajen sunan jikar Kawu maganar ta fito. Muna zaune a rumfa da safe ana raba goro, wani ya yi mini jaje kan lambu. Kawu, wanda tsufa ya soma sakin bakinsa, ya ce, "Ai yaron nan ya faɗa."

Na ce, "Wane yaro, Kawu?"

"Autanku mana. Tun kafin ka dasa ya zo ya same ni. Ya ce na'urarsa ta nuna akwai yashi a ƙarƙashi da zai ja ruwan tafki ya ɓullo a kwarinka. Ya ce shi ba zai iya duban idonka ya gaya maka ba, kai ka rene shi, in je in gaya maka ni da nake babba."

"Kawu, ka gaya mini?"

"To na je. Na tarar ka riga ka soma, ga yara suna murna. Na ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa Allah kaɗai ya sani, kada in zama mai baƙin baki." Ya jefa goro a baki. "Da ya tambaye ni na ce masa na je."

Ban iya yi wa Kawu komai ba. Ƙanen uwa ne, kuma shi bai ga shuɗin harshen nan da idonsa ba. Wanda ya gani shi ne wanda na goya a keke.

Ban kira shi a waya ba. Ranar Asabar na hau mota na shiga birni, na isa gidansa da hantsi. Matarsa ta yi ta murna, ta shimfiɗa mini darduma a falo, ta ce Yaya ko sanarwa babu. Ya fito da jallabiya, ya soma furfura a gemu, abin da ban taɓa lura da shi ba sai ranar. Ya zube a gabana zai gaishe ni.

Na ce, "Tashi ka hau kujera."

"A'a, Yaya, nan ma ya yi."

"Na ce ka hau."

Ya hau, ya zauna a bakinta kamar mai jiran hukunci. Na ce masa na ji daga bakin Kawu. Bai musa ba. Ya ce ya ɗauka saƙon ya iso, ni ne na ƙi, shi ya sa ya ja bakinsa. Ya ce da ya ga bishiyoyin sun tashi ya yi ta addu'a lissafinsa ya zama kuskure. Na kusa in tausaya masa in bar maganar, don fuskar da yake yi tun yana yaro ce idan ya fasa wa Inna kwano. Amma na tuna layukan sama.

Na ce, "Saurara, Auta. Ban bar makaranta don ka koyo shiru ba. Lissafinka daidai ne, ina alfahari da shi, ko da lambuna ya ci. Abin da ban yafe ba tukuna shi ne ka aiko Kawu. Kai ka ce mini 'yan gidajen cikin na'urarka kowanne yana gaya wa maƙwabcinsa ruwan da ke tafe, ba ya ɓoyewa. Ni da kai danga ɗaya muka haɗa. Da ka faɗa mini da bakinka, da na yi maka tsawa, wataƙila har in ce ka raina ni. To sai me? Tsawata ta taɓa kashe ka? Ka bar ni na je teburin mai shayi ina taƙama da wurin da ka san ruwa zai ci. Durƙuson nan na gode, ka ajiye shi sai Sallah. Yanzu tashi ka ɗauko kwamfutar, ka zauna kusa da ni, ka buɗe. Ka nuna mini inda ruwan zai tsaya, ka gaya mini ko layukan sama za su rayu. In ba za su rayu ba, ka dubi idona ka ce, Yaya, ba za su rayu ba. In shinkafar ce, ka faɗe ta da ƙarfi yadda zan ji, ba ta bayan babur ba."